Inna Ta Ce a Ɗaure, Kada a Kashe

Ba a gama share hawaye ba aka fara maganar karnuka. Ina cikin ɗakin da muka yi wa uwar mijina wanka, ƙasa ba ta ma tsotse ruwan ba, sai na ji wata tsohuwa a bayan danga tana ce wa 'yar'uwarta, to, yanzu dai gidan nan zai huta da ƙarni. Ɗayar ta ce Allah dai ya yafe mata, amma a ce mace mai salla da azumi ta ƙare kwanakinta tana cire wa kare kaska, wannan kam sai addu'a. Na gane muryoyinsu duka biyu. Na yi shiru don gawa tana gabana, kuma ni matar ɗa ce, ba a san mu da ɗaga murya ranar mutuwa ba. Amma shirun nan bai bar ni na huta ba, shi ya sa yau zan faɗi wace ce Inna, wanda zai ji haushi ya ji.

Jama'a kam sun zo, ba a cewa komai. Daga Kiyeshe an zo, daga Matankari garin iyayena an zo, makiyaya daga wajen Sukukutane suka ɗaure jakunansu a gindin gawon ƙofar gida suka zauna can gefe, ko tabarma ba su nema ba. Kowa da irin ta'aziyyarsa. 'Yan gari suna cewa Uwar Karnuka ta tafi, wasu da tausayi, wasu suna danne murmushi. Wani dattijon makiyayi kuwa, da na kai musu ruwa, bai ce mini yaya haƙuri ba, sai ya dube ni ya ce, to bana wa zai aiko a kira mu? Na san abin da yake nufi. Na ajiye ƙwarya na juya.

Ƙanen maigidana ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, kayan moto, wato babur, yake sayarwa. Tun yana saurayi nake tsokanarsa da mijina ƙarami, har ranar da ya tara gemu, ya ɗage wando, ya ce wasan nan ba shi da asali, sai na koma ce masa Malam. Kada a ce na ɓata shi, ɗa ne na gari. Shi ya yi ta kai Inna likita, shi ya kawo likkafani. Amma da aka dawo daga maƙabarta, ko ƙafa bai wanke ba ya ja wansa gefe, ni kuwa ina bayan zana ina ɗauraye ƙore. Ya ce ya yi haƙuri shekara da shekaru don uwa uwa ce, yanzu kuwa ba sauran dalili. Da zarar an tashi daga zaman makoki zai kawo magani daga Dutsi, a sa a nama, a ba karnukan nan huɗu, a tsarkake gida. Maigidana irin mutanen nan ne da ko ka ce masa wuta ta kama rigarsa, to zai ce maka. Ya ce to, a bari dai a gani.

Ni ce ban ce to ba.

Kuma kada wani ya ɗauka an haife ni da son kare. A gidanmu na Matankari, in kare ya shinshini zanenki, sai kin kai shi rijiya. Washegarin da aka kawo ni gidan nan, na fito in gaida uwar miji, kaina a ƙasa, kunya kamar ta kashe ni, sai na tarar da ita zaune bisa turmi, kan wani jan kare tsakanin gwiwoyinta, tana ciro kaska daga kunnensa tana jefawa cikin gwangwanin kananzir. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Amarya, kin iso? Zamna in ƙare da wanga, ya riga ki zuwa."

Na ce a raina yau na shiga uku, an kawo ni gidan mahaukata. Amarya kuwa ta ci gaba da kira na har ta koma ga Allah, ga ni da furfura da jikoki.

Sai da na zauna da ita na gane ba wasa take yi da kare ba, kuma ba ta ɗauke shi ɗa ba. Kare ba ya shiga ɗakinta, ba ya kusantar randa, ba ya taka inda take shimfiɗa buzun salla. In ta gama da su sai ta wanke hannu da sabuni har gwiwar hannu kafin ta taɓa komai. Kowane kare da kaskonsa, in kuwa kin kuskura kin haɗa musu ƙanzo wuri ɗaya, ranar za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba. Cewa take yi ciwo a kasko yake kwana. Masu yi mata wa'azi kuma takan ce musu ita ma ta yi makarantar allo, ta ji malamai sun ce kare na kiwo da na gona da na halbi ba laifi, nata kuwa awaki suke tsaro, ba hira take yi da su ba.

A ƙasarmu in ana so a yi wa maƙwabci habaici ba tare da an yi faɗa ba, sai a sa wa kare suna. Inna ta iya wannan ƙwarai. Karnuka sun mutu an sake wasu, amma sunayen ba su sauya ba. Da magariba sai ta tsaya bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda unguwa duka za ta ji, ta kira su a jere: Sun-ce, Bar-su, Ku-gaji, Oho. In an yi mata magana ta ce ita karnukanta take kira, wanda ya tsargu shi ya san dalili.

Sau ɗaya tak ta ba ni labarin abin da ya haɗa ta da kare. Muna sussuka ne, mu biyu, ta fara magana ba ta dube ni ba, taɓarya ba ta tsaya ba. Tana da ɗa tsakanin maigidana da Malam, yaro ne da bai wuce fara kiwo ba. Wata kaka wani baƙon kare ya fito daga daji ya cije shi a hannu, a bakin gona. Maza suka bi karen da sanduna suka kashe shi nan take, yadda aka saba. Aka yanko gashinsa aka ƙona, ita da hannunta ta cusa tokar cikin raunin, ta ɗaure da tsumma, don haka ta ga uwarta tana yi. Rauni ya warke sumul, kowa ya ce magani ya ci. Sai bayan an kai hatsi rumbu, an ma manta, yaro ya fara zazzaɓi, ya fara firgita, in ya ga ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe. Aka ce iska ce, aka ce doguwa ce ta bakin fadama. Aka kira masu bori, aka yanka akuya, aka koma wajen malamai aka yi rubutun da ya kasa haɗiya. Da aka ɗora shi a amalanke aka kai Dutsi, likita ya tambaye ta ina karen, ta ce an kashe. Ya ce an wanke ciwon da sabuni, ta ce a'a. Ya ce me ya hana a kawo shi tun ranar da aka cije shi. Nan ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Amarya, ƙishirwa ta kashe min ɗa, ga ruwa ga hannuna."

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, ta ce in share fuska kada majina ta shiga hatsi.

Wata uwar da ta tsani kare har abada, kuma ba mai ganin laifinta. Malam haka ya yi, tun yana ƙarami in ya ga kare sai ya nemi dutse. Inna kuwa sai ta ɗauki ƙafa ta tafi wajen likitan dabbobi, ta zauna masa a ƙofa da tambayoyi har ya gaji ya ba ta kujera. A can ta ji cewa ba a haihuwar kare da hauka, wani ne yake cizonsa ya zuba masa, ko kare ko dila. Ta ji akwai allurar da ake yi wa kare duk shekara don kada ya kamu. Ta ji kuma abin da ya fi ƙona mata rai, cewa da an ɗaure karen nan maimakon a kashe shi, da shi da kansa ya nuna musu abin da yake ɗauke da shi tun da sauran lokaci. Ta dawo gida da magana ɗaya wadda ta yi ta maimaitawa har mutane suka haddace ba da son ransu ba. Gari ba ya zama ba kare, in ji ta. In ka kashe naka, na daji zai zo ya zauna gurbinsa, kai kuwa ba ka san abin da ya ɗauko ba. Kare mai allura danga ne.

Shekarar da aka ce mahaukacin kare ya ɓulla a wani ƙauye kusa da mu, aka bi gari ana zuba nama mai guba, Inna ta kwashe karnukanta ta rufe su cikin tsohon rumbu, ta zauna gindinsa da carbi. Aka aiko mata, ta ce a ce wa wanda ya aiko nata an yi musu allura, ya je ya nemi waɗanda ba a yi wa ba. Gari ya yi tsit na ɗan lokaci, ba haushi. Kafin damina ta zagayo, juji ya cika da wasu ramammun karnuka da ba wanda ya san iyayen gidansu.

Ba zan ce komai nata daidai ne ba, don na zauna da ita, na san ta. Akwai shekarar da wani makiyayi ya ba ta kyautar kwikwiyo, ta ji daɗi, ta saka shi cikin 'ya'yan karyarta nan take. Ashe da ciwo ya zo. Zawon jini da amai suka kama su, wari kamar mushe, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya har ba wanda ya rage. Ranar ta zagi kanta zagin da ko maƙiyi ba zai yi mata ba. Ta sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne su, ta tara kara ta ƙone wurin da suka kwanta, ta farfasa kaskonsu. Tun daga nan duk karen da ya shigo gidan nan, ko na wane ne, sai ya yi zaman baƙunta shi kaɗai a ɗaure can gindin gawo, ana duban idonsa ko yana kwantsa, hancinsa ko yana majina, da kashinsa, kafin ya haɗu da sauran. Ta kuma daɗe tana shafa wa masu ƙazwa baƙin man mota, har likitan dabbobi ya gani ya yi mata faɗa ya ce kashe su take yi a hankali. Ta yi fushi, ta hana shi ko ƙwaryar hura ranar. Amma ba ta sake shafawa ba. Inna ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. In ta ɓata miki, sai dai ki ga goro a bakin ƙofarki.

Faɗanta da mahaucin garinmu kuwa har yanzu ana ba da labarinsa. Shi in ya yanka tunkiya ya ga huhu ko hanta da ƙurajen nan masu ruwa, sai ya yanke ya wurga wa karnuka, a ganinsa ya yi tsafta. Ranar kasuwa Inna ta riga karnukan, ta soke huhun da sanda ta ɗaga shi sama, ta ce ya faɗa wa jama'a in shi zai ci wannan. Ya ce haba tsohuwa, kare da tsafta? Ta ce kare ya ci, ya je ya yi kashi a gona, tunkiya ta ci ciyawar, ɗansa mai rarrafe ya ci ƙasar, to wa ya wurga wa? Ya ce ta tafi ta ba shi wuri tun bai manta da furfurarta ba. Ta ce ya manta mana, ita ma ta manta da ranar da ta yi masa wankan jego. Kasuwa ta kwashe da dariya. Sun daɗe ba sa gaisawa, naman Salla ma daga wani gari take aikawa a sayo mata. Amma ya haƙa ramin binne irin wannan nama bayan rumfarsa, kowa ya gani. Ranar rasuwarta shi ne ya riƙe gaban makara, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Abin da dattijon makiyayin nan yake tambaya shi ne ranar allura. Duk shekara in an cire amfanin gona, makiyaya sun sauko cin kara, Inna takan aika ruga-ruga da unguwa-unguwa, ta ce rana kaza likitan dabbobi zai zo. Sai ya iso bisa moto da akwatin ƙanƙararsa, ya tarar da ƙofar gidanmu ta cika da karnuka da igiyoyi da haushi. Mai kare yakan ji tsoron karensa in an zo allura, to ita ce mai riƙo. Ta yagi tsohon zane ta ɗaure bakin kare, ta cusa kansa ƙarƙashin hammatarta, ta yi ta yi masa magana a kunne har a zare allura. Ni aikina riƙe bakin igiya daga nesa, ina karanta duk addu'ar da na sani. Wasu shekarun mutane su zo da yawa, wasu shekarun a yi mata dariya a ƙi zuwa. Ko uku suka zo, sai ta sa an yi.

Ita kuma tsohuwar da ta ce gida zai huta da ƙarni, bari in tuna mata, tunda ta manta. Ranar da kare ya ciji jikanta a cinya, ba gidan kowa ta rugo ba sai nan. Inna ta danne yaron, ta yi ta kwarara ruwa tana cuɗa sabuni cikin raunin har uwarsa ta ce a bari haka nan ya isa, ta ce bai isa ba. Ta hana a kashe karen, ta hau amalanke da ciwon gwiwarta ta raka su Dutsi. Yaron nan yanzu shi yake yi mata noma. Ranar ba ta ji ƙarni ba.

To, ranar sadakar uku abin ya zo mana har cikin gida. Malam bai yarda da sadakar uku ba, ya ce bidi'a ce, amma bai tafi ba, yana zaune waje da masu gaisuwa. Tsakar gida ta cika da mata, ana rabon gumba. Sun-ce ta wannan zamanin tsohuwar karya ce, tun da aka fita da Inna ta shige bayan turmi ta kwanta, ba ta kula kowa. Ɗiyar Malam, 'yar shekara bakwai, tana guje-guje da yara, ta yi tuntuɓe ta faɗa mata a kan ƙafa. Karya ta juyo ta kama ta a ƙwauri. Kafin in ajiye ƙwaryar da ke hannuna gida ya hargitse. Goggon maigidana, ƙanwar mahaifinsu, tana kiran a kawo aska a kawo garwashi, a yanko gashi tun jini bai daskare ba. Malam ya faɗo cikin gida ba sallama, ya ce wa Goggo ba mai sa wa ɗiyarsa wannan camfin. A nan kam bakinmu ɗaya da shi. Sai na ga ya sunkuya ya ɗauki taɓarya.

Ban san lokacin da na isa gaban turmin ba. Na dai tsinci kaina tsaye, karya tana bayana tana gurnani, shi yana gabana, idanunsa sun kaɗa.

"Matar yaya, kauce."

Na ce ba ni kaucewa.

"Kauce, don Allah. Kare ya ci min wa, ba ya cin min ɗiya."

"In ka kashe ta, wa za ka tambaya? Wancan an kashe shi, an ƙone gashi, mi ya hana?"

Ya tsaya da taɓarya a sama. Sai ya faɗi abin da ba wanda ya taɓa ji a gidan nan, har maigidana.

"Ni wancan karen ya nuho rannan. Ni ina baya. Yaya marigayi ya sa hannu ya tare."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har cikin ƙashi, don na ga yaron bakin gona ne tsaye da gemu. Amma ban matsa ba. Na ce masa Allah ya jiƙan yaya, ya yi abin da wa yake yi. Na ce wagga karya bara an yi mata allura, bara waccan an yi mata, ni na riƙe igiya, amma ban ce ya dogara da maganata ba. Ya bari in wanke ciwo, ya ɗauki ɗiyarsa ya kai ta likita yanzu-yanzu, ya bar mini karya a ɗaure. In da hauka a jikinta, ba za ta cika kwana goma ba ta nuna ba, ranar kuwa ni da kaina zan miƙa masa taɓarya.

Bai sauke hannu ba. Sai maigidana, mai to ɗin nan, ya taso daga bakin zaure, ya zo ya kama taɓaryar ya zare ta daga hannun ƙanensa, ya jingine ta a danga. Tun da nake da shi ban taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba.

Na danne yarinyar yadda na ga Inna tana yi. Buta bayan buta, sabuni sai kumfa, tana ihu tana kiran babanta, Goggo tana tsine wa zamanin da matar ɗa take hana a yi wa jika magani. Na ce Goggo ki yi haƙuri, ki tsine, ni dai ba zan tsaya ba. Sai da hannuna ya gaji sannan na sake ta, uban ya ɗora ta bisa moto suka nufi Dutsi. Likita ya fara mata allura, ya kuma ce a sa wa karyar ido. Kafin Malam ya tafi ya bar sallahu wajen wansa, cewa ko lafiyarta lau, in kwanakin sun cika maganarsa tana nan, zai zo da abin da ya ce.

Na ja Sun-ce zuwa gindin gawo na ɗaure, na hana kowa zuwa wurin. Ni da ban taɓa wuce bakin igiya ba, yau ga ni da kasko a hannu. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Ta ƙi cin abinci, ta kwantar da kai bisa ƙafafunta, in na matso ta kawar da ido. Mata suna leƙe ta saman danga suna neman kumfa a bakinta, wata ma ta rantse ta gani. Na ce a raina in karyar nan ta haukace, yarinya tana cikin hatsari, kuma duk abin da Inna ta yi a duniya ya zama abin dariya. Na jiƙa ƙanzo da ɗan nono yadda take yi mata, na ajiye, na koma nesa na zauna. Sai da rana ta karkata ta miƙe, ta shinshina, ta wuce ƙanzon ta sa baki cikin ruwa. Ƙarar lasar ruwan nan, ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

Washegari bayan sallar asuba wayar maigidana ta yi ƙara, ya miƙo mini ya ce ni ake nema. Malam ne. Ba ina kwana, ba ina gajiya. Ya ce dabbar nan ta sha ruwa? Na ce ta sha. Ya kashe. Kashegari haka, wanshekare haka. Mutumin da ba ya iya faɗin sunan kare sai ya yi a'uzu, ga shi kullum shi ne farkon mai tambayar lafiyarta, ko ta ci, ko tana gane mutane, ko muryarta ta sauya. Wata safiya na ce masa Malam, ko ni matar wanka ba ka taɓa tambayar lafiyata haka ba. Bai yi dariya ba, ni ma ban ja ba, don na san barci ba ya yi.

Kwana goma suka cika, Sun-ce tana ci tana sha, har ta fara yi wa awaki haushi in sun matso kaskonta. Likitan dabbobi ya biyo ya dube ta ya ce lafiyarta lau. Na faɗa wa Malam, na ji ya sauke numfashi, ya yi hamdala, ya kashe waya. Ban jira izinin kowa ba na kwance igiya.

Har yau bai janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba. Na riga na aika wa dattijon makiyayin nan cewa in an cire amfanin gona su zo da karnukansu yadda suka saba, ƙofar ba ta tashi ba. Na yagi tsohon zanena na ajiye. Ban iya riƙo kamar Inna ba, wataƙila a cije ni, to sabuni yana nan, hanyar Dutsi ma ba ta ɓace ba. Masu magana a bayan danga su ci gaba, baki nasu ne. Inna dai ta binne ɗa guda, ta tashi ta hana a binne na wasu, Allah ya gani ko mutane ba su gani ba. Ya Ubangiji ka yalwata mata makwanci, ka yafe mata kaifin harshenta, ka karɓi wahalarta, mu kuma ka ba mu rabin taurin kanta.

Washegarin ranar da na kwance igiya, ban sa ran waya ba, tunda magana ta ƙare. Sai ga ta ta yi ƙara bayan asuba, maigida ya miƙo mini. Wannan karon Malam ya yi sallama. Ya tambayi kwanana, ya tambayi yara, ya ce ƙafar yarinya tana warkewa, ya tambayi Goggo, ya tambayi awaki, har hatsin da ba a gama yankewa ba sai da ya tambaya. Sannan ya yi shiru, bai kuma kashe ba. Na san abin da ya rage, na ƙi taimakonsa, na bar shi da shirunsa. Can ya yi gyaran murya.

"Ita fa?"

"Ta sha," na ce.